Keken Guragu Ba Ya Kawo Aboki

Duk shekara, musamman da azumi ko gab da Salla, sai ka ga an tara masu lalura a wani fili cikin Sakkwato, an jera kekunan guragu sababbi da ledarsu, ga buhunan shinkafa da gero, ga turamen atamfa. Mai kyauta ya yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Ba ni da ja a kan wannan. Wanda ya ciyar ya samu ladansa, kuma keke ya fi jan jiki a kan ƙasar da ranar Afrilu ta gasa. Tambayata ɗaya ce: yaron da aka ɗora a kan keken nan, in ya koma shiyyarsu, wurin wa zai tuƙa shi? Wa zai leƙo zaure da la'asar ya ƙwala masa kira, ya ce ya fito an fara?

Ra'ayina shi ne jami'o'in garin nan su buɗe gurbin aiki na dindindin, mai albashi da ƙarin girma, ga mutanen da sana'arsu ita ce bincike da tsara wasa domin yara masu lalura. Na san yadda maganar ke sauka a kunne. Uba ya sayar da gona ya kai ɗa jami'a, a ce masa ɗan ya zama dakta a fannin langa, ai sai an riƙe shi. To, a bari in faɗi dalilina.

A ƙasar Hausa dandali ne ke raba wa mutum jama'arsa. Babban abokin ango shi ne wanda suka yi langa tare, suka sha bulalar malam ɗaya, suka yi tashe a ƙungiya ɗaya har suka yi faɗa wajen rabon hatsin da aka samo. Babbar ƙawar amarya ita ce wadda suka yi gaɗa tare, suka aurar da 'yar tsanarsu tare. Su ne daga baya za su sa ka cikin adashi, su tsaya maka wajen neman aure, su ba ka bashi ba shaida, su kwana da kai a asibiti, su zauna makokin mahaifinka har a share. Yaron da ya tashi a tsakar gida daga shi sai kakarsa da rediyo, zai kai shekara ashirin ba shi da sa'a ko ɗaya da zai kira da sunan tsokana. Daga nan hanyar bara ba ta da nisa, domin a bakin masallaci da mahaɗar titi ne kawai zai tarar da tsararrakinsa masu irin lalurarsa sun yi ƙungiya, da sarkinsu, da raharsu, da wurin zamansu. Ana cewa kwaɗayi ke kai su titi. Wasu yunwa ce ta kai su, wasu iyaye suka tura su, amma akwai waɗanda kaɗaici ya kora, kuma ba a lissafa su.

Ba kuma 'yan kaɗan ba ne. A 2021 UNICEF ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da wata naƙasa a duniya, wato ɗaya cikin goma. Mu nan ba sai an karanta mana rahoto ba. Sanƙarau da ke zuwa da zafi yana barin yara da kurumta. Ƙyanda tana cin ido. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai suna taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi wuya ba ya tsayawa, hannu ba ya riƙo, wasu har su ce ɗan ruwa ne. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafa suna nan tare da mu.

Akwai wani fili a bayan shiyyarmu da yara ke buga ƙwallo bayan la'asar, duwatsu biyu ne raga. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba, ƙafarsa ta hagu ta shanye, kullum yana cikin na farkon zuwa. In aka gama raba gida biyu, sai babbansu ya ce, "Kai zamna nan ka yi muna tsaron takalma." Ya zauna a kan tulin silifa da robar ruwa, ya aje sandarsa a gefe. Ya fi kowa sanin ƙa'ida. In ƙwallo ta taɓa hannu shi ke fara ihu, wani lokaci a saurare shi, yawanci a'a. Su yaran a ganinsu sun kyauta masa, sun ba shi matsayi. Rannan ƙwallo ta gangaro wurinsa, ya sa hannu ya doke ta da ƙarfi ta koma tsakiyar fili, aka bushe da dariya, shi ma ya yi. Bai rufe baki ba yayarsa ta leƙo daga ƙofar gida: "Inna ta ce ka taho, kar su ture ka." Ya ja sanda ya tafi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi, kuma bai yi wasa ba.

Tun 1932 wata mai bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka, Mildred Parten, ta zauna tana kallon ƙananan yara, ta kasa yadda suke shiga wasa gida shida, daga wanda ke zaune ba ya komai, da ɗan kallo, da mai yin nasa shi kaɗai, har zuwa masu haɗa kai da raba aiki. Yawancin yara suna ratsa waɗannan matakai ba tare da kowa ya lura ba. Mai tsaron takalma an tsayar da shi a matakin ɗan kallo, kuma abubuwa uku suka tsayar da shi: ƙa'idar wasan, tausayin abokansa, da tsoron uwarsa. Ba ɗaya cikinsu da likita zai yi wa aiki. Amma duk ukun ana iya nazarinsu, ana iya sauya su, kuma wannan shi ne aikin da nake cewa a ɗauki ma'aikata dominsa.

Mu ɗauki wasanninmu ɗaya-ɗaya, za a ga kowanne yana da ƙofar da yake buɗe wa wani ya rufe wa wani. Jini-jini wasan kunne ne: mai bayarwa na jero sunayen abubuwa, masu amshi na amsawa a kan mai jini, su kame baki a kan marar jini, wanda ya yi kuskure ya sha duka. Makaho zai iya cinye kowa a nan, kurma kuwa ba shi da ta yi, sai in an mayar da bayarwar ta hannu. In aka mayar, me zai faru da saurin wasan, wanda shi ne daɗinsa? Dara tana da gurbi talatin, kowane gefe da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya da tsinken kara ɗaya da tsakuwa, wato tun asali hannu na iya bambance su. Matsalar makaho ita ce in ya shafa ƙasa don ya gane inda wasa ya kai, sai ya rushe gurabe. Allon katako mai zurfin rami, aikin wuni ɗaya wurin kafinta, ya kashe wannan. A gaɗa, yarinya kurma tana ganin tafi da idonta, tana jin dirin ƙafafu a ƙasa, makauniya kuma tana iya zama mai ba da waƙa. Amma faɗawa baya cikin hannun ƙawaye don su cafe ki sai da amana, kuma amana ga wadda ba ta ganin hannayen daban take. Carafke na son yatsu masu sauri, me za a yi wa yarinyar da hannunta ke rawa, a ƙara girman duwatsun ko a rage yawansu, kuma sauran za su yarda ko za su ce an ɓata wasa? Langa ta fi ba ni mamaki. Wasa ne da kowa ke mayar da kansa mai ƙafa ɗaya da gangan, dawaki na kare ruwa har ya kai ya sha, amma yaron da ƙafa ɗaya gare shi na gaske ba a sa shi, saboda ƙa'ida ta ce sai ka riƙe ɗaya ƙafar ta baya, tasa kuwa ba ta lanƙwasuwa haka.

Ga kuma lokaci. Saboda zafin garin nan, wasanmu mafi daɗi na dare ne, a farin wata. Da dare makaho da mai ido sun kusa zama ɗaya, kurma kuwa an ɗauke masa bakinsa da kunnensa gaba ɗaya, tunda hannun da yake magana da shi ba ya ganuwa. Wanda bai zauna a dandali ba, wannan ba zai faɗo masa a rai ba.

Kada a ɗauka sauya ƙa'ida ƙaramin abu ne. A 1946 wasu mutum biyu a Turai, Hans Lorenzen da Sepp Reindle, suka sa ƙararrawa cikin ƙwallo domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu. Yau wasan yana cikin gasar Olamfik ta masu naƙasa. Mu ma muna da namu. A 1988 Misbahu Lawan Didi, Bakano da shan inna ta taɓa, ya tsara ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan katako mai ƙananan tayoyi, irin wanda suka riga suka saba yawo da shi. Yau akwai ƙungiyoyi a jihohi da yawa, ana gasa, ana cin kofi. Bai jira jami'a ba. Abin tambaya ga jami'o'inmu shi ne: fiye da shekara talatin ke nan, ɗalibai nawa aka tura su zauna da waɗannan 'yan wasa su gano abin da ya sa nasu ya kama, domin a yi irinsa ga yarinya 'yar shekara bakwai da ba ta fita zaure?

A wasu ƙasashe wannan ya daɗe da zama fanni mai malamai da ɗalibai da kuɗin bincike. A 1970 Lady Allen ta Hurtwood ta buɗe filin wasa domin yara masu naƙasa a unguwar Chelsea ta Landan, inda aka bar su su hau, su gangara, su taɓa ruwa da yashi, su ƙuje gwiwa kamar kowa. A ƙarshen shekarun 1990 Allison Druin ta Jami'ar Maryland ta shigo da yara cikin ɗakin bincikenta a matsayin abokan tsarawa, suna zuwa kowane mako, ana jayayya da su. A Ostireliya, Anita Bundy da abokan aikinta sun zuba tsofaffin tayoyi da akwatuna da makamantansu a filayen makarantun Sidni, suka kuma zauna da iyaye da malamai a kan tsoron da ke sa su hana yara motsi. Daga baya suka kai gwajin makarantun yara masu lalura. Daga 2014 zuwa 2018 masu bincike daga ƙasashe fiye da 30 sun haɗu a wani shiri mai suna LUDI ƙarƙashin Farfesa Serenella Besio ta Italiya, kuma abin da suka fi nanatawa shi ne yaro mai lalura ya cancanci wasa don wasa. Wannan batu na ƙarshe ya kamata mu riƙe da kyau. Babba in ya ga yaro mai lalura, komai sai ya mayar da shi magani: jefa ƙwallo don hannu ya miƙe, waƙa don harshe ya saki. Gashin ƙashi da motsa jiki suna da wurinsu, ban raina su ba. Amma yaro ya san bambancin wanda ke wasa da shi da wanda ke yi masa aiki.

Sai wani ya ce tunda sun riga sun yi, mu kwaso nasu mana. Ana kwasowa ai. Lego ta fitar da tubalan wasa masu rubutun makafi a 2020, Microsoft ta fitar da madannin na'urar wasan bidiyo ta Xbox na masu lalurar hannu a 2018, kayan kirki ne. Sai dai an yi su ne domin gida mai yara biyu da ɗakin wasa da wuta ba yankewa. Gidanmu yara goma sha ne a tsakar gida ɗaya, abin wasa na kowa ne, wanda ya fi ƙarfi shi ke riƙewa. Roba ba ta shekara a ranar Sakkwato, lilon ƙarfe da azahar ba ya taɓuwa, tayar keken da aka yi don siminti tana nutsewa a yashi. Wayar hannu kuma baki biyu gare ta: ta haɗa samari kurame ta kiran bidiyo yadda ba a taɓa gani ba, amma ita ce kuma uwa ke miƙa wa yaro mai galahanga don ya yi shiru a ɗaki. Mu kuwa muna zaune a garin dukawa da majema, garin jar akuyar da fatarta ta yi suna har ƙetare, ga maƙera a Maƙera Assada, ga masu walda da ke ƙera kekunan guragu da hannunsu. Ƙwallon fata mai caki a ciki ba ta gagari badukun Sakkwato ba. Abin da babu shi ne mutumin da aikinsa ke nan: ya kai wa baduku awo, ya kai wa yara ƙwallon, ya zauna ya ga inda ta kasa, ya koma a sake.

Me ya hana a samu wannan mutumin? Na taɓa zama a wata semina ta ɗaliban digiri na biyu a wata jami'a. Wata ɗaliba, malamar firamare ce, ta ce tana son ta yi zango guda tana zama a filin makaranta lokacin tara, ta rubuta wanda ya kira wa, wanda aka zaɓa da wanda aka bari, sannan ita da 'yan matan kurame da masu ji su sauya ƙa'idar wasanni biyu, ta ga ko wani abu zai canja. Ta gama, ɗaki ya yi tsit. Wani babban malami ya gyara gilashi ya ce, "Malama, ina takardar tambayoyinki? Mutum nawa za ki raba wa?" Ta ce ba takarda, kallo za ta yi. Wani ya ce, "Wannan bincike ne ko reno?" Aka yi dariya, ita ma ta yi murmushin dole. Da aikin ya fito daga baya, sunansa ya koma ra'ayin malamai game da muhimmancin wasa ga yara masu buƙata ta musamman. An raba takardu, malamai sun ce wasa yana da muhimmanci ƙwarai, an zana jadawali, ta samu digiri. Ba yarinya kurma ko ɗaya da aka tambaya.

Ban ɗauki waɗancan malamai a matsayin mugaye ba. Tsarin da suka hau ta cikinsa suke karewa. Tsanin aikin jami'a a Najeriya, daga mataimakin malami zuwa lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, har farfesa, ana hawansa ne da yawan maƙalun da aka buga a mujallu. Takardar tambayoyi tana haifar da maƙala cikin wata uku. Tsara wasa, gwada shi, gyara shi, sannan a koma bayan wata shida a ga ko yara na yinsa ba tare da mai binciken ba, wannan shekara biyu ce kafin a samu abin rubutawa, kuma wasan kansa, wanda shi ne sakamakon na gaske, ba shi da maki a takardar ƙarin girma. Ƙara da yajin aiki, irin na wata takwas da aka yi a 2022: littafi zai jira ka a laburare, amma yaron da ka fara aiki da shi yana da shekara bakwai ba zai tsaya a bakwai ba. Sannan fannin ba shi da gida. Waƙoƙin wasanni da ƙa'idojinsu suna sashen Hausa, cikin kundayen digirin da ƙura ta rufe. Sanin lalura yana wurin likitocin yara da masu gashin ƙashi. Sanin aji yana tsangayar ilimi, sanin zamantakewa yana wani gini daban. Matashin da ya ratsa su duka, ranar ƙarin girma sai a ce masa maƙalunsa ba na fanninsa ba ne. Mai hankali in ya ga haka sai ya koma raba takardu.

Hujja mafi nauyi da ake kawo mini ita ce ta yunwa da tsaro. Jihar da yara ke fama da tamowa, wadda mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah ba sa barci da ido biyu, wadda dubban yara masu ƙafa da ido ma ba sa makaranta, ina ta ga kuɗin binciken wasa? Wannan magana ce ta gaskiya, ba zan share ta ba. Amma a duba abin da aka yi a Kingston ta Jamaika a 1986 zuwa 1987. Sally Grantham-McGregor da tawagarta sun ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasu aka ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gida sau ɗaya a mako har shekara biyu tana koya wa uwa wasa da ɗanta da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Ba yara masu naƙasa ba ne, na yarda, amma ya isa ya nuna wasa ba abin da ake ajewa sai an ƙoshi ba ne. Rashin tsaron ma ƙara buƙatar yake yi, domin ya kashe wasan dare a ƙauyuka da yawa, kuma a wurin 'yan gudun hijira yaro mai lalura ya rasa har 'yan tsirarun da suka saba da shi.

Ga kuma Asibitin Yara na Noma, wato cutar nan mai cinye baki da fuska, wanda ke garin nan tun 1999, kuma Likitocin Sa-kai na MSF ke tallafa wa tun 2014. Aikin da ake yi a can na gyara fuskokin da cutar ta cinye yana cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Yarinyar da aka ɗinke wa kumatu za ta koma ƙauyensu, inda ta shekara tana rufe fuska da gyale. Ranar farko da za ta tunkari sa'o'inta a dandali, me zai sauƙaƙa mata? Likitan fiɗa ya gama nasa. Wannan tambaya ce ta digiri na uku, kuma Sakkwato ta fi ko'ina a duniya cancantar amsa ta.

Masu ganin wasa shashanci ne kuwa, a tuna musu da Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda Manzon Allah (SAW) ke tsayawa ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da kuma ƙawayen Nana A'isha da yake turo mata su yi wasa tare. A dokance ma ba baƙon abu ba ne: sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 da sashe na 30 na yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa ta 2006 duk sun ambaci wasa, kuma Najeriya ta amince da su.

Abin da nake nema bai kai gina tsangaya ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ke nan tun 1975 da asibitin koyarwarta da masananta na Hausa, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko ta ilimi ta Shehu Shagari, ɗaya daga ciki ta ɗauki matasa biyu ko uku, a haɗa wa kowannensu masu duba aiki daga sassa biyu, a rubuta tun farko cewa wasan da aka tsara, aka gwada, wasu makarantu suka ɗauka, za a ƙirga shi a ƙarin girma. Wurin aiki yana nan: makarantar A.A. Raji ta yara masu buƙata ta musamman, makarantun Islamiyya, da tsakar gidaje. Asusun bincike na ƙasa na TETFund don irin wannan aka kafa shi. Dole kuma a samu mace a ciki, domin yarinya mai lalura ta fi ɗan'uwanta ɓoyuwa, kuma namiji ba zai wuce zaure ba. Nana Asma'u ta warware wannan tun ƙarni na 19 da ta tura jajis, mata malamai, su kai karatu cikin gidaje.

Ma'aunin aikin shi ne inda za a fi yin kuskure. Ƙungiyoyin agaji suna son adadin yaran da suka halarta da hoton murmushi a Facebook, sau da yawa ba tare da an nemi yardar yaron ko iyayensa ba. Mai bincike ya nisanci wannan. Ni abin da zan ƙirga shi ne sau nawa aka kira yaron da sunansa, sau nawa aka zaɓe shi ba malam ne ya ce a zaɓe shi ba, ko an biyo shi gida, ko kuma an yi faɗa da shi. Faɗan nan da gaske nake. Muddin ana bar masa ci don tausayi, baƙo ne. Ranar da wani ya shaƙe shi ya ce ya yi cuta a dara, ranar ya zama ɗan wasa.

Matashin da wannan aiki ya ba sha'awa, kada a ruɗe shi. Albashin ƙaramin malamin jami'a ba ya kai wata, kuma zai sha tambayar me yake karantawa. Akwai sassan ilimin masu buƙata ta musamman a Bayero da Jos da Ibadan, akwai kwalejin tarayya ta wannan fanni a Oyo tun 1977, a can zai samu tushe. In ya samu tallafin karatu a waje ya je, amma ya tafi da tambayarsa daga gida, don kada ya dawo da amsar tambayar Landan. Ya koyi maganar hannu iri biyu: ta makaranta, wadda asalinta daga Amurka ne, da ta gida da kasuwa, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarta har ta wallafa a 2000. Yaran ƙauye ta biyun suka sani.

Waɗanda suka fi dacewa da guraben su ne waɗanda suka yi tsaron takalma da kansu. Akwai makafi da kurame da guragu masu digiri a jihar nan da ke yawo da takardu, sun san wace kalma ce ke sa uwa ta saki hannun ɗanta, sun san wane taimako ne ke ƙona rai. Dokar hana wariya ga masu naƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Saboda haka duk jami'ar da ta amsa wannan kira, ta sa ofishin a ƙasa, ta faɗaɗa ƙofar bayan gida, ta kuma ɗauki mai fassara maganar hannu kafin ranar ganawa da masu neman aikin.